Ruwan Wata da Rijiyar Iya

Ranar Laraba 23 ga Agustan 2023, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, muna zaune a dakalin ƙofar gidanmu muna jiran kiran azahar. Ni na riƙe waya, mutum huɗu sun leƙo ta kafaɗata, muka kalli kumbon Indiya mai suna Chandrayaan-3 yana sauka a kudancin wata. Da aka nuno injiniyoyin suna tafi suna rungumar juna, sai abokina tela ya tambaye ni me ya kai su can. Na ce masa abin da ya sa kowa ke rububin wannan ɓangare na wata shi ne ƙanƙarar ruwa da ke ɓoye a ramukansa. Ya yi shiru, ya dubi jarkokin da suka yi layi tun asuba a bakin famfon da ke jikin katangarmu, ya ce, "To su zo nan mana. Mu ma shi muke nema, kuma ba sai sun hau roka ba."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba, saboda famfon da ya nuna ni na sa shi, kuma akwai labari a bayansa da har yau bai bar ni na sake ba. Zan zo gare shi. Bari mu fara da maganar tela, domin ba shi ya fara yin ta ba.

Ranar 15 ga Yulin 1969, saura kwana ɗaya Apollo 11 ya tashi, wani limamin coci baƙar fata, Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King a jagorancin ƙungiyarsu, ya jagoranci iyalai matalauta da alfadarai masu jan amalanke har bakin filin harba roka a Fulorida. Ƙorafinsa ɗaya ne: ƙasar da ke da kuɗin tura mutum wata tana da yaran da ke kwana da yunwa. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya amsa masa da cewa in da fasa danna maɓallin tashi gobe zai magance matsalolin da suka kawo, da ba za a danna ba. Bayan shekara hamsin cif aka sake ganin irin wannan hoto a Indiya. A damunar 2019 da ta makara, manyan madatsun da ke shayar da birnin Chennai suka ƙafe, har a watan Yuli aka fara kawo wa garin ruwa a jirgin ƙasa. A cikin wannan watan, ranar 22, Chandrayaan-2 ya tashi zuwa wata daga Sriharikota, tafiyar da ba ta da nisa daga Chennai ɗin. Mata na layi da tulunan roba, roka na keta sama a kansu.

Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma gaskiya ina ganin Paine ya fi kusa da daidai, ko da yake amsarsa tana da daɗin faɗa ga wanda ya ƙoshi. Dalilina a nan gida yake. Kano ba ta da matsalar gano inda ruwa yake. Madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, tana iya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan biyu. Ga Challawa Goj da ta zo a 1992. Matatun Challawa da Tamburawa ba su kai kilomita 30 daga Kurmi ba. Kuma ruwan famfo ba baƙon abu ba ne a birnin nan: tun 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwa da lantarki na Kano da kuɗin baitulmalin En'e, ana turo ruwa daga Challawa zuwa tankunan Goron Dutse, daga nan ya gangaro gari da nauyinsa. Kakanninmu sun sha ruwan famfo tun kafin a san akwai abin da ake kira roka mai zuwa sama. Abin da ke tsakanin Tiga da randar gidanku bututu ne da ya tsufa, da wutar da za ta tura ruwan, da gari da ya ninka kansa sau da yawa, da riƙon amana na yau da gobe wanda ba a yi masa bikin buɗewa. Ko da duk ƙasashen duniya sun rufe hukumomin sararin samaniyarsu yau da dare, sisin kwabo daga kuɗin ba zai zama bututu a Yakasai ko Mandawari ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan ba a wata yake ba.

Wani abin da mutane kaɗan suka sani: Kano tana da hannu a tafiyar nan tun farkonta. A farkon shekarun 1960 NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a nan Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin da ta shimfiɗa a kewayen duniya domin shirin Mercury. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya ratsa ta samanmu a zagayensa na duniya, ya gaya wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, suka ce masa ai kwanakin nan iska ta yi ƙarfi. Hunturunmu ya gani. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji wani iri, kamar an ce mini kakana ya taɓa riƙe wa wani sarki linzami.

Yanzu ga yadda aka nemi ruwan, kuma a nan ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri in ɗan daɗe, domin aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, rabin rayuwata kuma tana tafiya wajen neman ƙaramar alama a cikin tarin lambobi, don haka labarin yana taɓa ni.

'Yan sama-jannatin Apollo sun dawo da duwatsu da ƙasar wata kilo 382 tsakanin 1969 da 1972. Aka auna, aka ce wata busasshe ne ƙayau. Ɗan danshin da aka gani a wasu samfura aka ce daga iskar duniya ya shiga. A 1976 kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 24, ya haƙo ƙasa gram 170 ya dawo da ita, masanansu suka buga a 1978 cewa sun ga ɗan ruwa a ciki. Kusan babu wanda ya kula su. An riga an yanke hukunci, kuma hukuncin da aka yanke yana da nauyin da sabuwar shaida ba ta cika ɗagawa ba. Na san wannan a wurin aiki: in babban injiniya ya ce matsalar ba daga wuri kaza take ba, sai a yi wata uku ba wanda ya sake leƙa wurin.

Amma tun 1961 wasu masana uku a Amurka, Watson da Murray da Brown, sun yi wani lissafi. Duniya a karkace take juyawa, shi ya sa muke da rani da damina. Wata kuwa kusan a miƙe yake, karkatarsa digiri ɗaya da rabi ce kawai. Saboda haka a can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu rana ba ta taɓa hawa sama, kullum a gefen sararin take kamar hantsi bai gama fitowa ba, kuma akwai ramuka masu zurfi da haskenta bai taɓa ƙasansu ba tsawon miliyoyin shekaru. Sanyin cikinsu ya wuce digiri 200 ƙasa da sifiri. Duk ɗigon ruwan da ya faɗa ciki, ko daga tauraruwa mai wutsiya ko daga wani wuri, ya daskare ke nan, ba fita. Wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiyar cikin gari da tsakar rana ya san irin wannan duhun.

To yaya za ka ga abin da ke cikin duhun da ba haske? A 1998 kumbon Lunar Prospector ya yi wata dabara. Akwai ƙwayoyi masu gudu da ke zuwa daga sararin samaniya suna dukan ƙasar wata ba dare ba rana, dukan yana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutiron. Ka ɗauki teburin sunuka. In ƙwallo ta bugi bango, dawowa take da kusan duk gudunta. In ta bugi ƙwallo 'yar uwarta mai nauyi ɗaya, sai ta ba ta gudun, ita ta lafa. Ƙwayar haidirojin, wadda ke cikin ruwa, nauyinta ɗaya da niyutiron. Don haka inda haidirojin ke da yawa a ƙasa, niyutiron masu matsakaicin gudu da ke tserewa sama sai su ragu. Kumbon ya yi ta zagaye yana ƙirga, da ya zo kan ƙuryoyin biyu sai ƙirgen ya ɗan faɗi. Shi ke nan shaidar: wani abu da ya kamata ya zo bai zo ba. Ba su ga ruwa ba, ba su ma ga haidirojin ba, raguwar lamba suka gani. Kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin haidirojin na iya kasancewa ba a cikin ruwa ba. A ƙarshen aikinsa, a Yulin 1999, aka maka kumbon cikin wani rami na kudu da fatan ƙurar da za ta tashi ta nuna tururin ruwa ga masu kallo daga duniya. Ba a ga komai ba.

Sai da aka ƙara shekara goma. A Satumban 2009 aka sanar cewa wata na'urar NASA da ke kan kumbon Indiya na farko zuwa wata, Chandrayaan-1, ta ga alamar ruwa da ɗan uwansa haidiroksil a cikin hasken da ƙasar wata ke mayarwa. Ranar 9 ga Oktoba na shekarar aka yi aikin da na fi so a duk labarin, saboda rashin kunyarsa. Aka ɗauki gangar roka da ta ƙare mai, nauyinta ya haura tan biyu, aka jefa ta cikin ramin Cabeus da gudun kusan kilomita 9,000 a awa. Ƙaramin kumbo mai suna LCROSS ya biyo ta a baya da tazarar minti huɗu, ya ratsa cikin ƙurar da ta tashi yana shaƙa yana aiko da sakamako, sannan shi ma ya faɗi ya tarwatse. Da aka gama lissafi, ruwan da na'urorinsa suka gani a ƙurar ya kai kilo 155. Kuɗin aikin dala miliyan 79. In ka juye wannan ruwa a jarkar lita 25 irin ta 'yan ga-ruwa, jarka shida ce da ɗan ƙari. Rabin kura.

A Oktoban 2020 kuma wani madubin hange da ke cikin jirgin sama ƙirar Boeing 747, wanda ake kira SOFIA, ya gano ruwa har a inda rana ke haskawa, a ramin Clavius. Yawansa kuwa, in ka tara ƙasa mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, ka matse ta tsaf, ba za ka cika ledar fiya wata ɗaya ba. NASA da kanta ta ce Sahara ta ninka wannan danshi sau ɗari. Wato yashin da ke arewa da Agadas dausayi ne in aka gwada shi da wurin da ake murnar an sami ruwa.

Ban ga abin zargi a wannan nema ba. Mutanen da suka yarda su ce "mun yi kuskure" bayan shekara arba'in, suka jefar da dukiya a rami don su tabbatar, sun yi abin da ya cancanci girmamawa. Mu da ke fita kowane ƙarshen Sha'aban muna ƙura wa yamma ido don neman jinjirin wata, muna tantance shaidar wanda ya ce ya gani kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, bai kamata mu raina mai neman alama da taka-tsantsan ba. Damuwata tana wajen abin da ke biyo bayan samu.

Ruwan wata ba don a kawo wa kowa a duniya ake nemansa ba. Ɗaga kowane kilo daga nan zuwa can, tafiyar kusan kilomita 384,000, tsada ce mai kashe kasuwa. In akwai ƙanƙara a can, ga abin sha, ga iskar shaƙa, kuma in aka raba ruwan gida biyu da lantarki, haidirojin da oksijin, ga man roka. Wanda ya riƙe ramukan nan ya riƙe gidan mai ɗaya tilo a kan hanyar da ba ta da wani. Kuma wuraren da suka dace ba su da yawa: ana son rami mai duhu da ke kusa da tudu mai samun rana kusan kullum domin sola. To na wane ne?

Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wata ko wani yanki nasa. Wata yarjejeniyar ta 1979 ta ƙara da cewa albarkatun wata gadon dukkan 'yan Adam ne, amma ƙasashen da suka amince da ita ba su kai ashirin ba, kuma babu Amurka ko Rasha ko Sin a cikinsu. A 2015 Amurka ta yi dokar da ta ce ɗan ƙasarta da ya haƙo wani abu a sama, nasa ne, ya sayar in ya so. Luksambog ta bi sahu a 2017. A 2020 aka fito da yarjejeniyar Artemis, wadda ta tafi a kan wannan fahimta, ta kuma kawo batun kewayen kariya da mai aiki a wani wuri zai sanar don kada wani ya shigo masa ya yi ɓarna. Nijeriya da Ruwanda ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu, a Washinton, ranar 13 ga Disamban 2022, kuma ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, shi ya sa wa Nijeriya. Saboda haka maganar ba ta wasu ce can ba, da sunanmu a takardar.

Da na karanta waɗannan dokoki sai na ga ai na san su. Dokar 2015 hujjar mai ga-ruwa ce: ban mallaki ruwan Allah ba, amma wanda ke cikin jarkata guminsa na yi, nawa ne. Kuma malamanmu sun yarda da wannan tun da daɗewa. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanci Risala ya wuce ta wurin da ake bambanta rijiyar daji ta shayar da dabbobi, wadda masu ita ke fara sha sannan sauran mutane su yi tarayya a rarar, da rijiyar da mutum ya haƙa a cikin mallakarsa, wadda yake da ikon hanawa sai in maƙwabci ya shiga wani hali na lalura. Kewayen kariyar Artemis ma yana da ɗan uwa a fiƙihu, shi ne harimin rijiya, filin da ke kewaye da ita da ba a yarda wani ya zo ya yi abin da zai cutar da ruwanta ba. Mutanen da suka rayu a bakin hamada sun riga lauyoyin sararin samaniya tunanin nan da fiye da shekara dubu, saboda su ƙishirwa ce ta koya musu.

Yanzu sai labarin famfon.

Gidanmu a cikin badala yake, a lungun da mota ba ta shiga. Ina yaro famfon tsakar gida yana kawo ruwa da daddare, ana tashinmu mu tara. Daga baya ya koma sau ɗaya a mako, daga baya ya zama wurin rataye tsumma. Muka koma hannun 'yan ga-ruwa, waɗanda da damina ta faɗi sukan tafi gida noma, kuɗin jarka ya tashi, mahaifiyata ta riƙa auna ruwan wanke-wanke da kofi. Da Allah ya buɗa mini na fara yi wa wani kamfanin waje aiki daga ɗakina, abin da na fara yi shi ne rijiyar burtsatse. Mai binciken ƙasa ya zo da wayoyi da turakun ƙarfe, ya tura lantarki cikin ƙasa yana karanta lambobi, domin ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan yana maƙale a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Shi ma alama yake karantawa, ya kuma gaya mini ƙarara cewa ba ya yin alkawari. Aka ja bututun injin haƙa ta lungu, aka yi kwana biyu ana ƙara, ruwa ya ɓullo. Na sa sumo da sola da tanki a kan soro, na fitar da famfo ɗaya waje don maƙwabta. Aka yi ta sa mini albarka, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Iya. Ba ita ta haifi kowa a gidanmu ba, amma ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego, kuma duk lungun Iya muke ce mata. A tsakar gidanta akwai rijiyar da ta ce ta tarar da ita ranar da aka kawo ta amarya. Ruwanta da ɗan gishiri-gishiri, ba a cika sha ba, amma da shi rabin lungun ke wanki da wanka, kuma ko a tsakiyar bazara guga bai taɓa dawowa wayam ba. Duk wanda ya shiga ɗiba sai ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi mutanen gida, ta ba yara ƙuli-ƙuli. Bazarar da ta biyo bayan haƙa tawa, rijiyar ta ƙafe. Aka kira masu yasa suka ƙara zurfi, ta kawo ɗan ruwa da damina, bazara ta sake zagayowa ta sake ƙafewa.

Na san duk abin da zan faɗa don in wanke kaina, kuma na faɗa wa kaina su ɗaya bayan ɗaya. Ba ni kaɗai na haƙa ba, a 'yan shekarun nan burtsatse ta yi yawa a unguwar. Kududdufan da suke tara ruwan sama su shayar da ƙasa, an cike su an yi gini a kai. An shafe tsakar gidaje da siminti. Unguwannin da sunansu ma rijiya ne, irin su Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, su ma jarka suke saye. A makaranta an koya mini cewa don abu biyu sun biyo juna ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Duk gaskiya ne. Amma na lura da wani abu a kaina: ni da nake yaba wa masanan da suka bi 'yar raguwar lamba shekara goma sha ɗaya har suka tabbatar, da alamar ta nuno ni, sai na zama mai tsananin neman cikakkiyar hujja. Ban taɓa kiran mai binciken ƙasan nan in ce ya zo ya auna ko tawa ce ke janye tata ba. Abu ne mai yiwuwa, a kashe sumo kwana kaɗan a riƙa auna zurfin rijiyar da igiya. Ban yi ba don ina tsoron amsar.

Na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, ban ce ni ne ba, ko da yake na tabbata ya gane. Ya ce malamai sun saɓa a kan wanda ya haƙa a cikin gidansa har ruwan maƙwabci ya janye. Wasu sun ce mallakarsa ce, ya yi yadda ya so. Na mazhabarmu sun fi karkata ga hanawa in cutarwar ta tabbata, domin rijiyar da ta riga tana da haƙƙi. Sannan ya kawo labarin rijiyar Ruma a Madina, wadda Sayyidina Usman ya saya ya mayar da ita ta kowa, gugansa daidai da gugan kowane Musulmi. Ya tsaya a kan wannan gaɓar ya maimaita ta, yana kallona.

A nan ne na ga inda lissafin wata da na lungunmu suka haɗu, kuma ba inda na zata ba. A can sama ana cewa a kare wanda ya riga zuwa, saboda an san wanda zai riga zuwa shi ne mai roka. A lungunmu wadda ta riga zuwa tsohuwa ce mai guga da igiya, kuma babu harimin da ya kare ta. In ƙa'idar ita ce wanda ya riga, to Iya ta riga ni da shekara sittin. In ƙa'idar ita ce mai gumi ya ci guminsa, to wanda ya haƙa rijiyarta da hannu ya fi ni gumi, ni kuɗi na tura ta waya. Abin da ya yi aiki a zahiri shi ne tsawon bututu. Kuma ina zargin shi zai yi aiki a ramin Cabeus, kowace irin takarda aka sa wa hannu, sannan a zaɓo daga cikin ƙa'idojin wadda ta dace da mai dogon bututun a ce ita aka bi.

Za a ce ai na sa famfo a waje, kuma ruwan da lungun ke samu yanzu ya fi na da yawa da tsabta. Haka ne, kuma haka masu kare dokar 2015 ke cewa: in ba a bar mai haƙa ya mallaka ba, ba wanda zai haƙa, kowa ya rasa. Ban raina wannan hujja ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai famfon nan makunninsa a ɗakina yake. Ranar da hadari ya rufe rana tanki bai cika ba, gidanmu ake fara cika wa randa, na waje ya jira. Ranar da na yi tafiya ƙanena ya manta bai kunna ba, lungun ya wuni a bushe. Ba wanda ya zo ya yi mini faɗa, kuma wannan ne ya fi damuna, domin da haƙƙinsu ne da sun yi faɗa. Da can ma rijiyar a gidan wata take, amma ba ta da makunni, kuma ba wanda ya taɓa jin cewa alfarma ake yi masa. Gaisuwar da ake yi wa Iya a bakin rijiya yanzu ni ake yi wa a bakin famfo, har da dattawan da suka girmi mahaifina, kuma sautin gaisuwar ya canja.

Watannin baya na jawo bututu ta kan katanga na sa mata famfo a tsakar gida, kusa da bakin rijiyar da yanzu aka rufe da tsohon kwano da dutse a kai. Na shiga da yamma in gwada mata.

"Sannu da gida, Iya. Ga shi nan an gama, sai ki murɗa nan kawai."

"Yawwa ɗan nan, Allah ya yi albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Ta murɗa, ruwa ya zubo, ta tara hannu ta ɗanɗana, ta ce ya fi nata daɗi. Na tsaya ina jira ko za ta ce wani abu game da rijiyar. Na ma shirya abin da zan faɗa in ta ce. Ba ta ce ba. Ta kashe famfon da kyau, ta sake murɗawa don ta tabbata ya rufu, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa nake kunna injin, don ta san lokacin da za ta riƙa tarawa kada ta dame ni.